Daka a Gidan Tumba

Sanyin bana ya zo da wuri. Tun kafin a gama kai dawa gida ruwan randa ya fara cizon haƙori, jiya kuwa da na fito alwalar asuba sai da na daɗe riƙe da buta kafin na yarda na zuba wa hannuna. Amma sanyin Mafara yana da iyaka. Akwai katanga, akwai maƙwabta, akwai hayaƙin mai shayi a bakin titi, akwai kukan babura tun kafin gari ya waye. Duk inda ka juya akwai numfashin mutum. Sanyin da ya zauna mini a ƙashi shi ne na shekarar da muka taso daga ƙauyenmu, can bayan Janbako, lokacin ɗana Sani yana goye a bayana. Yanzu ya fi ni tsawo.

A daminar wannan shekarar mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka fara ɗaukar mutane a gona. Da farko labari ne daga nesa, sai ya riƙa matsowa, har ya zama sunayen waɗanda muka sani. Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci suka yanke shawara: a daure a kai amfanin gona gida, sannan kowa ya nemi inda zai sa kansa.

Ban taɓa ganin kaka irin wannan ba. Gayya ake yi, amma babu kiɗa, babu waƙa, babu mai tsokanar wani. Maza suna yankan dawa suna waiwaye. Wata dawar ma ba ta gama bushewa ba aka kwantar da ita. Mu mata muna sussuka muna shiƙa har hannu ya daina jin taɓarya, ba wadda ta ce ta gaji. Ana gama ɗure buhuna tashi ya fara. Wasu suka yi Maradun, wasu Bakura, wasu Mafara. Duk wanda zai tafi sai ya cire ƙofarsa da kwanon rufinsa, tunda ba shi da tabbacin samun wasu a inda za shi. Gidaje suka zauna da baki buɗe. Mai injin niƙa ya kwance injinsa. Ranar da liman ya tafi, maigidana ya shiga masallaci ya kira magariba da kansa. Muryarsa ta bi gidajen nan ta dawo masa, ba wanda ya fito. Daga ranar a gida yake sallarsa.

Mu muka zama na ƙarshe, saboda Inna, mahaifiyar maigida. A ƙauyen aka kawo ta amarya, a nan aka binne mijinta da 'ya'yanta da dama, ga ƙugu da ya daɗe yana damunta. Wani ɗan'uwa ya samar mana ɗaki a Mafara, amma ko maganar ba ta son ji.

"Ku tahi abinku," in ji ta. "Ni ba ni zuwa ko'ina. In sun iske ni mi za su yi da tsohuwa? Akuya ta hi ni daraja wurinsu."

Maigida bai iya yi mata gardama ba. Sai ya ce bari ya fara kwashe hatsi, wataƙila in ta ga rumbu fanko zuciyarta ta sauko. Ya aro amalanke da shanu biyu. Kullum bayan asuba zai loda buhuna ya kai Janbako inda mota ke ɗauka, ba zai dawo ba sai la'asar ta yi sanyi, don hanyar duk kwari ce da yashi. Wuni guda daga ni sai Inna sai jariri, a garin da a da in ka fito da hantsi ba ka rasa wanda za ka gaisar.

Sai sanyin ya sauko. Ƙauyenmu kusa da fadama yake, da safe wani farin tururi ke tasowa daga can ya kwanta tsakanin gidaje, ba ka ganin dangar maƙwabci. Rana takan fito fara fat kamar faranti, ka tsaya cikinta ba ka jin komai. Dugadugaina suka tsage har suna jini. Leɓen Sani ya bushe, ina shafa masa ɗan man gyaɗan da ya rage. Itace ya ƙare, ba mai shiga daji, sai na koma zare dangar maƙwabta ina hura wuta. Duk karan da na zara sai na ji kamar mai gidan zai leƙo ya ce, Balki, lafiya? Daddawa ta ƙare, gishiri ya koma ɗan ƙulli a bakin zane. Kunu da safe, tuwon dawa da kuka tsura da yamma. Hatsi na nan buhu-buhu, amma bakinmu ya manta ɗanɗano.

Maigida ya hana daka. Ya ce a lokacin sanyi ƙarar turmi tana tafiya nesa, kada mu gaya wa daji cewa akwai sauran mutane. Sai na jawo dutsen niƙan Inna da aka daɗe da jinginewa bayan rumbu. In jiƙa dawa, in durƙusa, in yi ta gurza a hankali.

A kan dutsen nan nake, wata ranar da hantsi, na ji shi.

Dim. Dim. Sai shiru. Dim. Dim.

Ba da ƙarfi ba. Kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Na tsayar da hannuna. Kazar da ke tsince-tsince a gabana ita ma ta ɗaga kai. Na waiwaya wajen Inna, tana zaune bakin murhu ta miƙa tafukanta ga garwashi, kanta a karkace.

"Kin jiya?" ta ce.

"Na jiya, Inna."

"Daga gidan Tumba ne."

Tumba ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. A tsakiyar daminar nan ta rasu, ba ta bar ɗa a garin ba. Gidanta ne na ƙarshe ta yamma, ɗaki ɗaya na ciyawa, ba kwano ba ƙofar kirki, shi ya sa ba wanda ya taɓa shi.

"Haka take dakanta," in ji Inna, kamar mai maganar abin da ya saba faruwa. "Bugu biyu ta huta. Tun da kahwaɗarta ta goce."

Na ɗauki Sani daga tabarma na goya shi, ban sauke ba sai da maigida ya dawo.

Ya saurare ni yana kwance wa shanu igiya. Ya ce iska ce ke kaɗa wani abu, ko jakin da wani ya bari. Duk da haka ya ɗauki sanda ya tafi. Da ya dawo ya ce ya tsaya a ƙofar gidan ya yi sallama, ba kowa, ba hayaƙi. Na tambaye shi ko ya shiga. Ya ce mi zai shiga yi ɗakin mamaciya. Ranar ya daɗe a kan buzu bayan magariba.

Washegari, amalanke na ɓacewa, aka ci gaba. Kullum sai ya tafi ake farawa, kamar mai dakan yana kallon ƙofarmu.

Sai wasu abubuwan suka biyo. Ni kaɗai ke zuwa rijiya, amma in na je da sassafe sai in tarar da guga a jiƙe, igiya a naɗe ba irin naɗina ba. Akwai karnukan da aka tafi aka bari, sun rame, suna bin bango ba sa ko haushi. Nakan ajiye musu ƙanzon tuwo cikin tsohon akushi a bayan danga. Wata safiya na je ɗaukar akushin na tarar an wanke shi tas, an kife shi a kan dutse. Na tsaya ina kallonsa. Duk ƙofofin nan da ke buɗe sai na ji suna kallona.

Na kai wa Inna akushin. Ta juya shi, ta shinshina, ta ajiye.

"Miƙo mini sandata."

"Ina za ki, Inna?"

"In gaida Tumba. Tunda ta san ta wanke kwano ai ta san gaisuwa."

Na roƙe ta ta jira maigida. Ta ce ta jira abubuwa da yawa a rayuwarta, wannan ba za ta jira ba. Ba yadda zan yi in bar ta ta tafi ita kaɗai, kuma zama ni kaɗai a gidan ya fi tafiyar ban tsoro. Na gyara goyo na bi ta.

Rana tsaka ce, amma inuwarmu da ƙyar ake gani. Inna na jan ƙafa, ni ina biye. Muka wuce gidan da kaza ta yi ƙwai a kan gadon kara. Muka wuce wata tukunya a kan murhu, muciya na tsaye a cikin busasshen tuwo. Takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin masallaci. Dakan yana ƙara kusa. Da sandar Inna ta bugi wani guntun kasko, sai ya ɗauke.

Ta tsaya a bakin zanar da ta rufe ƙofar.

"Salamu alaikum, masu gida."

Shiru.

"Tumba, in ke ce, ni ce Hajo. In ba ke ba ce, kowa ne ya hito. Mu mata ne."

Daga ciki aka yi tari. Tarin yaro, wanda aka toshe wa baki da hannu. Sai zanar ta motsa.

Ban gane ta nan take ba. Matar da ta fito ta yafa buhu a kafaɗa, fuskarta duk ƙashi, leɓe a tsage. Sai da ta ce "Balki" na san muryar. Daso ce, Bafillatanar da ke kawo mana nono da man shanu daga rugar da ke gefen fadama. Shekaru tana shigowa gidanmu da ƙwarya a ka, ta zauna ta sha ruwa, ta yi wa Inna tsiyar rowa. Ranar sunan Sani ita ta kawo man da aka yi miya. A bayanta wata yarinya ta leƙo, ba ta wuce shekara biyar ba, 'yarta Shatu.

Inna ta samu bakin turmi ta zauna, ta fara gaisuwa kamar ranar kasuwa.

"Ina wuni, Daso?"

"Lahiya lau, Inna."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina sanyi?"

"Lokacinshi ne."

Da Inna ta zo inda ake tambayar maigida da shanu, sai ta tsaya. Daso ta durƙusa ta rufe fuska da buhun.

A hankali labarin ya fito. Mutanen daji ne suka fara zuwa rugarsu suka kore yawancin shanun, don mijinta ya ƙi bin su. Ba a jima ba wasu samari daga garuruwa suka zo suka cinna wa rugar wuta, suka ce duk bakinsu ɗaya da na daji. Mijin ya kaɗa 'yan shanun da suka rage ya yi gabas, ya ce ta shiga ƙauyen nan ta ɓuya, zai dawo ya ɗauke su. Tun lokacin take ɗakin Tumba. Tana shiga rumbunan da aka kwashe ta share ƙasansu, abin da ta tara take dakawa. Na duba taɓaryar, ta naɗe kanta da tsumma, ta kuma shimfiɗa wani a ƙarƙashin turmin. Hannunta ɗaya ya ƙone a gobarar, shi ya sa take bugu biyu ta huta. Wuta kuwa ba ta hurawa sai tururin safe ya rufe gari.

"Kullum ina ganinku," ta ce. "In na ce in zo, sai in tuna ban san zuciyar kowa ba yanzu."

Na ji kunya, na ji kuka, na ji wani irin sauƙi duk lokaci guda. Muka taho da su gida. Na dama kunu mai zafi. Shatu ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu, tana sha tana tari, ƙirjinta na ƙugi kamar ana jan zarto.

Da maigida ya shigo ya gan su bakin murhu, ya tsaya cak. Ya amsa gaisuwar Daso, sannan ya kira ni gefe, amma muryarsa kowa na ji.

"Kin san abin da ke bisa hanya? Samari sun datse ta da bindigogi, kowace amalanke sai sun duba huskoki. In sunka gan ta tare da mu, cewa za su yi mu ke kai wa daji labari. Ba ita kaɗai za su taɓa ba."

Gaskiya ya faɗa.

Inna ba ta kiran sunansa, ɗanta ne na fari. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Kai. Gobe ka ɗaura shanunka, zan tahi. Amma Daso za ta zauna kusa gare ni. Wanda ya tambaya ɗiyata ce."

Wata guda yana roƙonta wannan kalmar. Ya dube ta, ya dubi Daso, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Daso ce ta ƙi.

"Allah shi saka, Inna. Huskata ba ta ɓoyuwa, kowa ya gan ni ya san ni. Kuma nan mijina ya ce in jira shi. In ya zo bai iske ni ba, ina zai nema?" Ta jawo Shatu jikinta. "Amma wagga ba za ta kai ƙarshen sanyin nan ba in ta zauna. Ku tahi da ita inda akwai likita. In ya zo za mu biyo ku Mahwara."

Muka yi ta magana har rana ta faɗi, ba ta sauya ba. Da hannunta ta cire wa yarinyar duwatsun wuya da 'yan kunne. Ni na tsefe mata kitson Fulani na yi mata irin namu, yatsuna sun ƙage don sanyi, gashin yana warin hayaƙi. Daso ta zaunar da ita ta daɗe tana yi mata magana da Fulatanci. Na tambaye ta abin da ta ce. Ta ce ta gaya mata kada ta buɗe baki a hanya ko me aka tambaye ta, don harshenta zai tona ta.

Da asuba muka loda abin da ya rage: gado, tukwane, tabarmi, kaji a cikin kwando. Maigida ya sa hannu zai cire ƙofar ɗakin Inna, sai ya fasa. Muka bar wa Daso ɗakin da ƙofarsa, da buhun dawa, da bargo, da ashana, da ƙullin gishirin nan. Inna ta juya ta fuskanci wajen maƙabarta, leɓenta na motsi, sannan ta ce a ɗaga ta kan amalanke. Ta sa Shatu tsakanin ƙafafunta ta lulluɓe su da mayafi ɗaya. Daso ba ta rako mu ba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Shanu ba su yi nisa ba farin tururin nan ya shanye ta, ya shanye gidan, ya shanye garin, kamar ba a taɓa yin su ba.

Kafin Janbako muka iske samarin, sun hura wuta a tsakiyar hanya. Ɗaya ya zagayo ya ɗaga mayafin Inna da bakin bindiga.

"Wagga ɗiyar wa ce?"

"Jikata ce," in ji Inna. "Ba ka jin tarin da take? Matsa baya kar ka kwasa ka kai ma uwarka."

Ya tsaya yana kallon kunnen yarinyar, inda hujojin suke a jere ba komai a ciki. Na ji nonona ya zubo don tsoro. Shatu ta dube shi ido cikin ido, ba ta ce uffan ba. Can ya saki mayafin ya ce mu wuce.

A Mafara ɗaki ɗaya muka samu, mu duka. Hayaniyar gari ta riƙa firgita ni, in na ji maƙwabta suna daka da ƙarfinsu sai in ji kamar in je in ce su yi a hankali. Aka kai Shatu asibiti, aka yi mata allurai, tarin ya sauka. Amma ba ta magana. Tana ci, tana barci a bayan Inna, tana bin mu da ido. Umarnin da uwarta ta ba ta na hanya ne, ita kuwa kamar ba ta yarda hanyar ta ƙare ba.

Sanyi na gab da wucewa maigida ya sami abokan tafiya ya koma ƙauyen, zai kwaso kwanon rufi, ya kuma tafi wa Daso da gishiri da sabulu. Da ya dawo muna cin tuwo. Ya zauna bai wanke hannu ba.

Ya ce ya bi gida-gida yana kiran sunan Daso. Ɗakin Inna a share yake, an ja ƙofar an ɗaure ta da igiya daga waje. Ba buhun, ba bargon. Ba jini, ba alamar kokawa. Tokar murhu ta daɗe da hucewa. A bakin rijiya ya ga sawun shanu, ba su da yawa, sun yi gabas.

"Na mijinta ne ko na wasu?" in ji Inna.

"Allah ya sani, Inna."

Sai muka ji wata 'yar murya daga bayan Inna, a dishe, da Hausa mai karkata.

"Baba. A cikin sawun akwai mai jan ƙafa?"

Duk muka juya. Inna ta dafe ƙirji. Shatu ta ce suna da wata jar saniya da ke jan ƙafar baya, babanta ba ya zuwa ko'ina sai da ita.

Maigida ya dube ni. Ya dubi yarinyar.

"Akwai," ya ce. "Na gani."

Ta gyaɗa kai, ta matso kusa da akushi ta sa hannu.

Daso ba ta zo Mafara ba. Mun yi cigiya a kasuwannin dabbobi, a Bakura, a Maradun, wajen duk Bafillatanin da ya yarda ya tsaya ya saurare mu. Ba wanda ya ce ya gan ta, ba kuma wanda ya ce ta mutu. Inna ta rasu a ɗakin nan bayan 'yan shekaru, Shatu ce ke riƙe da hannunta. Yanzu ta zama budurwa, Fulatancin ya gudu daga bakinta sai kalma ɗaiɗai.

Sau ɗaya na tambayi maigida, muna mu biyu, ko da gaske ya ga sawun saniyar nan. Ya daɗe yana gyara igiyar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Balki, yashin bakin rijiyar nan kin san shi, ba a bambance sawu cikinshi." Ya tashi ya fita. Ban sake tambaya ba.